Masu Gadin Hanji

Kwana tara ke nan a Shika
Baba Barau bai sa komai a baki ba.
Ledar ruwa na rataye bisa kansa,
tana bin jijiya, ɗis, ɗis.
Na ce, ai yana ci.

Sista Kande ta girgiza kai.
Jini ya ƙoshi, in ji ta, hanji ke azumi.
Akwai masu gadi a bangonsa,
abin da ya ratsa ta gabansu shi ne abincinsu.
In hanya ta mutu sai su watse,
bango ya zaizaye
kamar ganuwa wajen Ƙofar Gayan bayan damina,
cuta ta tsallako ba sallama.

Da la'asar aka zura masa siririn tiyo ta hanci.
Ya harare ni.
Tela ne, shekara arba'in yana zura wa allura zare,
yau shi ne allurar.

Sirinji ɗaya na kunun gyaɗa, tata biyu.
Muka jira.

Can tsakar dare, an ɗauke wuta,
cikinsa ya yi ƙugi,
ƙurrr, kamar tsohon kekensa.
Na kifa kunne a kai
na ƙi ɗagowa.