Muryar da Ba Ta Iya Ɗa Ba

Shekara goma sha ɗaya ina lissafin albashi
a kamfanin man gyaɗa da ke hanyar Dukku,
kafin hawan jinin ido ya fara cin gefen takarda,
ya ci layi, ya ci lamba,
ya bar mini taga kawai, fari-fari kamar ruwan koko.

Manaja ya kira ni, ya sa aka kawo lemo.
Duk wanda aka kawo wa lemo a ofis
ya san abin da ke biye.
"Malam Hammayo, Allah ya sani ka yi mana aiki..."
Sai Rifkatu 'yar Billiri, mai gyaran kwamfuta,
da ta shigo neman soket,
ta ce daga bakin ƙofa,
"Yallaɓai, a ara mini shi mako biyu."

Ta yi wa na'urata baki.
Ta ɗora manunina a kan maɓallai biyu masu ɗan tudu,
ta ce, nan ne gida,
in ka ɓata ka dawo nan.
Na ɓata ya fi sau ɗari ranar farko.
Na goge albashin direbobi kaf,
ta maido shi tana tauna gyaɗa.

Muryar baƙuwa ce a Gombe.
Ba ta san ƙa ba, ba ta san ɓa ba,
in ta iske ɗa sai ta tsallake kamar kwata.
Ɗanjuma ya zo bin kuɗin karin lokaci,
na latsa sunansa, ta ce, "anjuma."
Har yau bai yarda ba ni na koya mata ba.

Ba kullum muke shiri ba.
In aka ɗauki rasit a waya aka turo,
sai ta ce "hoto," ta yi gum,
ni da ita mu zauna kamar baƙi a gidan makoki.
Na yi magana sau uku, na yi fushi sau ɗaya.
Yanzu Bappayo na sito yana buga lambobinsa da yatsa guda,
yana ƙunƙuni, amma yana bugawa.
Shi ma ya daina neman rasit a ƙarƙashin buhu.

A watan bakwai na ji wata lambar asusu
ta wuce ni da safe,
ta sake wuce ni bayan azahar da wani suna.
Ido ya sha tsallake ta, har da nawa lokacin da yake nawa.
Kunne ba ya tsallake, sai ya bi layi.
Ban yi shela ba. Na rubuta, na aika.
Wannan karon ba a kawo wa kowa lemo ba.

In an ɗauke wuta, na fi kowa rashin damuwa da duhu,
batir kawai nake wa addu'a.

Jiya wata yarinya ta zo neman aikin akawu.
Na ji ƙarar kekenta ta tsaya a ƙasan bene,
na ji ana cewa a sauko mata da fom,
na ji ta ce, "Ba komai,"
irin ba komai ɗin da na sani.

Tata matsalar ba murya ke maganinta ba.
Buhun siminti shida ne, da yashi,
da teburi guda a ɗakin ƙasa.
Na mai da yatsuna gida,
na fara wasiƙa zuwa ga manaja.
Na'ura ta karanta mini, ta haɗiye rabin "kuɗi,"
na bar shi a haka.
Shi yana da ido, zai gani.