In An Ɗauke Wuta

Shekara ashirin da huɗu ina zaune,
ni da keken ɗinki a Ƙofar Marusa.
Na auna ƙugun rabin unguwa,
ban taɓa tambayar nawa ƙugun ba
yadda ya kwana, ko yana lafiya.

Sai ran Talatar da allura ta faɗi,
na duƙa in ɗauko ta ƙarƙashin benci.
Duƙawa ta yiwu, tasowa ta ƙi.
Na ƙage a lanƙwashe kamar lauje,
Sada yarona yana haɗiye dariya.

Malama Sahura ta asibiti na bakin ƙofa,
ta zo karɓar ɗinkin da na ce mata jiya.
Ta ce, "Malam Rabe, kujerar nan
ita ke cin bayanka da kaɗan-kaɗan.
Ba allura zan rubuta ba, ba ƙwaya,
minti biyar kawai, ka tashi ka tsaya."

Na ce ina ni ina minti biyar,
ga shadda tuli, ga biki ran Asabar?
Ta ce, "Masu wuta ba sa ba ka hutu?"
Na buɗe baki, na rasa ta cewa,
ta tare ni ta kowace hanya.

Yanzu da fanka ta yi tsit,
inji ya yanke kukansa a tsakiyar kalmasa,
na bar tsaki, na bar zagin kowa.
Sai in ture kujera, in zare silifa,
in dafa teburin yanka da hannu ɗaya.

In ɗage bisa yatsu, in sauko, in ɗage,
kamar mai leƙen katangar maƙwabci,
har sha biyar, sha-raɓa na ɗaukar zafi,
jini ya tuna hanyar dunduniya.

Sai in yi kamar zan zauna,
alhali kujerar tana can gefe.
In maƙale tsakanin zama da tsayuwa,
gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure,
in ƙirga takwas, wani lokacin shida
in na ga Sada ya juya baya.

Gwiwar dama sama, ta hagu sama,
kamar mai cuɗa ƙasar gini da ƙafa.
In kama ƙugu, in kewaya da shi sannu,
yadda ludayi ke bin gefen ƙwarya.

Na ƙarshen shi ne mai wuyar:
tumbin da fura da tuwon dare suka gina,
in tsuke shi, in ja cibiya ciki
kamar za ta gaisa da ƙashin baya,
kuma an hana ni riƙe numfashi.
A nan gumi ke gangarowa wuya.

Kallamu mai gyaran waya ya leƙo,
ya ce, "Jama'a, tela ya shiga soja!"
Mai shayi ya buga mini tsit da cokali,
layin duka ya ɗauka.
Na ci gaba da ƙirgena,
wanda ya taɓa kasa tasowa ba ya jin kunya.

Makon jiya na zaga bayan shago,
sai ga Kallamu ya dafa bango,
yana ɗagewa, yana saukowa,
leɓensa na motsi: tara, goma.
Na yi tari. Ya ce tsaka yake nema.
Na ce Allah ya ba da sa'a, na juya.

Ban koma yaro ba, kar a ƙara gishiri.
Tef bai ce na rage ko inci guda ba,
in hadari ya haɗu ƙugun kan yi magana.
Amma ɗazu allura ta sake faɗuwa,
na riga Sada kai hannu ƙasa,
na taso tsaf, ban ko dafa cinya.

Ga wuta ta dawo, fanka ta motsa.
Ɗinkin Sahura kuwa yana nan a rataye,
saura hannu da wuya.
Na ce mata gobe. Ta ce, "Wace goben?"
Na ce ta tela mana, Hajiya.