Igiyar Rijiya ta Goma Sha Bakwai

Daga Ayalan ta zo, ƙasar ruwa da ciyawa,
Nuwala sunanta, ni ne tafinta.
Hoto ɗaya ta riƙo cikin leda,
ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro:
Bature siriri da malafa,
bakin rijiya, bayan Ƙofar Marusa.

"Kakana ne," in ji ta, "Baturen rijiyoyi.
A gidanmu duk daren Kirsimeti
sai an faɗi ranar da rijiya ta rufta,
ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga,
ya fito da mutum a kafaɗa."

Yawu ya ƙi wuce mini.
Mu ma muna da wannan rijiya a gida.
Sai dai a bakin Baba, bayan sallar isha,
kakanmu Nomau ne ya ɗaura igiya,
Bature na ƙasa yana kiran uwarsa,
aka ba Nomau agogo da sule goma.
Agogon ban taɓa gani ba,
an ce wata shekarar fari ta cinye shi,
amma na yi taƙama da shi a makaranta
kamar a hannuna yake bugawa.

Ban faɗa mata ba. Tafinta ba shi da kaka.

Kwana uku muna kwance ɗaurin fayil
a ɗakin da gara ta riga mu karatu.
Ga shi da tawada mai ruwan ƙasa:
Rijiya ta goma sha bakwai ta rufta da damina.
Siminti buhu huɗu ya salwanta.
Sabuwar igiya, sule biyu da sisi.
Mutum biyu sun ji rauni,
sai rami, daidai inda sunaye suke zaune.
Ta ɗaga takardar wajen taga,
haske ya bi ta ramin ya sauka a goshinta.

Mai gadi ya ce mu nemi Iya Tasalla.
Muka same ta tana ɓarar gyaɗa,
ido ya tafi, kunne na nan.
Na faɗi labarin baƙuwa, na faɗi namu,
a nan Nuwala ta fara jin sunan Nomau.
Tsohuwa ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Maza! Ai su biyun ne a ciki.
Suna musu a baki, gaba nawa ne zurfi,
ƙasa ta gaji da su ta zame.
Ina da shekara bakwai, da ɗan tuluna.
Maza duk suna gona.
Innata Lantana ta ƙulla igiyar gugan kowa,
mata takwas suka ja, ni a wutsiya.
Bature aka fara fitarwa, shi ne marar nauyi.
Nomau ya fito ba wando.
Har ta mutu tafin innata bai ƙara shimfiɗuwa ba."

Na fassara duka. Wandon ma ban ɓoye ba.

Da la'asar muka je wurin.
Shagon cajin waya ne yanzu.
Ta sake ciro hoton,
ta sa farce a can gefe:
rabin hannu, awarwaro biyu,
igiya ta ratsa yatsu ta fice daga hoto.
Sama da shekara saba'in yana bangon ɗakinsu,
ba wanda ya tambayi hannun wace ce.

Takarda ta ce biyu, ba ta ce wa ya ja ba.
Sauran yana bakin tsohuwa,
ita ma gado take rabawa.
Nuwala ta ce, me zan ce musu da Kirsimeti?
Na ce, ni ma Baba na jira na a zaure.

Daren nan ya fara, "Kakanku Nomau..."
Na bar shi har ya kai kan agogo,
sannan na ce, Baba, ka san wata Lantana?
Ya daɗe yana kallon buta.