Minti Biyu

Shekara arba'in da ɗaya a Tampere
ina zaune bayan gilashi, tabarau a ido guda,
ina lallashin agogo kada ya yi gaggawa.
Wanda ya wuce da minti biyu, in ja masa linzami,
wanda ya makara, in ɗan zuga shi.
A haka na tsufa.

Sai ga Vilja, jikata, wata Asabar,
dusar ƙanƙara a kafaɗa, akwatin ƙarfe a rungume.
Ta ce, "Kaka Reijo, a cikin nan ma akwai agogo,
ba fuska, ba allura,
sau biliyan uku da 'yan kai yake bugawa a daƙiƙa.
So nake ya yi gudun da maƙerinsa bai sa shi ba."
Na ce a shagona wannan sunansa lalacewa.
Ta yi dariya, ta miƙo mini sukudireba.

Muka ɗaga fanka. Ga ƙwaƙwalwar nan kwance,
ba ta fi kan sarki faɗi ba.
Na ɗiga mata man sanyi, ƙwayar wake ɗaya tak.
Hannuna bai yi rawa ba,
kuma na ji daɗin haka fiye da yadda zan gaya wa yarinya.

Allo ya kawo lambobi sahu-sahu.
Talatin da shida, in ji kwamfuta.
Vilja ta mai da shi talatin da takwas. Ta tashi lafiya.
Arba'in. Ta tashi, ko tari babu.
Sai ta shiga kicin haɗa kofi,
ta bar ni da madannai da zuciyar ɗan sha bakwai.
Arba'in da bakwai na rubuta.

Duhu.
Fanka na ihu, allo ya ƙi magana.
Na danna, na sake dannawa,
na ji gumi a ƙeya a tsakiyar Janairu.
Kuɗin aikin hutunta na bara kaf
suna cikin akwatin nan da na kashe.

Da na leƙa da tocila, wa zan gani
can a lungu, yana sheƙi kamar kwabo?
Batirin agogo. Tsohon abokina.
Dubu nawa irinsa suka bi ta yatsuna!
Na zare shi da hantsaki, na ƙirga talatin, na mayar,
kwamfuta ta farka ta manta laifina.
Vilja, a bakin ƙofa da kofuna biyu, ba ta manta ba.

Daga nan sai taku ɗaya-ɗaya.
Lantarki kuwa kamar gishiri a miya,
ɗan barbaɗe, a ɗanɗana, a dakata.
Na ɗauko tsohon littafin masu bashi,
shafin baya na cika da lamba da zafi.
Da ma'auni ya hau digiri casa'in da ɗaya
na wangale taga, sanyin tafki ya shigo da takalminsa.
Ta ce, "Rufe. Yuli na tafe, ba zai ara mana iskar nan ba."

Arba'in da huɗu ta yi awa biyu ta faɗi.
Arba'in da uku ta kwana a tsaye.
Na kwana tare da ita a kujera,
kunnena a jikin akwati, kamar dā,
agogon bango bakwai suna tafiyarsu ta dattawa
ba wanda ya kula da ɗan tseren da ke ƙarƙashin tebur.

Da safe ta sa ta haɗa bidiyon makaranta.
Aikin minti sha ɗaya ya ƙare a tara.

Minti biyu.
Irin waɗanda na yi rayuwa ina ƙwacewa daga agogon mutane.
Na ce, to me za ki yi da su?
Ta ja kujera kusa da ni,
ta tura mini kofina, wanda ya riga ya huce.