Minti Tamanin da Bakwai

Azahar ta gota, Bagalam ta yi tsit,
ko ƙadangare ya nemi gindin randa.
Ni da Lawali muna ɗakin zaure,
kwamfuta bisa katifa, ƙwallo a tsakiyar fili,
ɗaya da ɗaya, minti tamanin da bakwai.

Na yanke mai tsaron baya, na ɗaga kai,
raga a hangame kamar ƙofar gidan suna,
sai ɗan wasana ya sandare, ƙafa ɗaya a sama.
Fankar cikinta ta yi kukan injin markaɗe,
allo ya yi baƙi ƙirin.
Lawali ya faɗi yana riƙe ciki:
"An tashi wasa, malam, kunnen doki ne!"

Na taɓa ƙasanta. Tanda ce.
Da da ƙullu a kusa, da mun ci masa.

Jikka tamanin na zube kafin in ɗauke ta,
kuɗin kabu-kabu na wata huɗu.
Ta biyo ta Jibiya naɗe cikin tsohon zane,
mai ita ya rantse ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba.
Can inda aka ƙera ta, in ji shi, da bargo ake kwana.
To ga ta yau a Maraɗi, tsakiyar bazara,
inda kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai da rana.

Na ɗora ta kan bulo biyu, ta ƙara mini minti goma.
Na sayo ƙanƙarar dala biyar, na jera mata a gefe,
leda ta yi zufa, ruwa ya nufi waya, na daka tsalle.
Na juya mata fankar ɗaki,
ita tana shan iska, ni ina tsiyaya,
sai aka ɗauke wuta.
Na ba ƙanena mafici da alkawarin alewa,
fifita uku ya yi, ya ce hannunsa ya mutu.

Ran Juma'a na kai ta wurin Tsahiru, bakin kasuwa.
Ya kwance ƙusa goma sha ɗaya,
ya tara su a murfin gwangwanin madara,
ya sa tsinke ya zaro wani abu kamar sheƙar ɓera:
audugar katifa, ɓurɓushin ƙuli-ƙuli,
har da gashin jar akuyar gidanmu.
"Ka toshe mata hanci," ya ce, "kuma kana son ta yi gudu.
Dubi man ƙwaƙwalwarta, ya koma ƙanzo."
Ya kankare, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.
"Raba ta da katifa. Rage kwalliyar hoto,
ciyawar fili ba sai ka ƙirga ta ba.
Kuma ka bar ta ta huta sai bayan lisha,
ko jaki ana kwance masa kaya da rana tsaka."

Na biya, na dawo, na bi magana.
Sai yini ya yi mini tsawo kamar hanyar Dakoro.

Gindin bedi, kakana Nomau yana tona ramuka,
talatin cif, da ɗan yatsa ɗaya.
Ya miƙo mini karare goma sha biyu, ya riƙe tsakuwa.
"Zauna. Wannan ba ta shan lantarki."
Na ce a raina, tsoho, yau za ka gane.

Ya ci ni. Na ce ban shirya ba.
Ya ci ni. Na ce ƙasar ba ta daidaita ba.
A na uku na watsa karare, na miƙe ina huci,
kunnuwana kamar an gasa.

Bai ce uffan ba. Ya jawo ni,
ya ɗora bayan hannunsa a goshina,
ya juya wajen Lawali:
"Ɗauko bulo biyun nan, yaro.
Wannan ma ta ɗau zafi."