Lissafin Albasa

Tun asuba nake barin Agege,
danfo na tari kamar tsohon mashayin taba,
kwandasta rataye a ƙofa yana kiran Yaba, Yaba,
ni kuwa littafin akanta a cinya,
ina haddar riba da faɗuwa
tsakanin mai kwandon kifi da wata da ta mai da kafaɗata matashi.

Shekara ta huɗu ke nan a Akoka.
Malam ya zana mana hanyoyi a allo:
banki, inshora, haraji, talla, binciken kuɗi,
kowace da kibiyarta tana nuna sama.
Bai zana wadda ke ratsa taɓo ba.

Morenike ta ce ita banki ta nufa,
har ta sayi takalmi mai tsini
tana koyon taku a baranda da dare.
Ikenna ya ce ba zai rusuna wa kowa ba,
wayarsa ce shagonsa,
tun aji ɗaya yake sayar da caja, har malamai na cin bashinsa.
Tamuno na fama da jarrabawar akantoci,
ya zama kamar raken da aka tsotse.
Suka juyo: ke fa, Ladidi?
Na ce ina zuwa.

Ran Asabar na je Mil Tuwal wurin Kawu Sallau.
Tirela uku sun iso daga Aliero,
ɗaya ruwa ya taɓa ta a hanya.
Bai kwance buhu ba, sunkuyawa ya yi ya shinshina:
wannan yau za ta tafi, ko da asara,
gobe ko kyauta ce sai an roƙi mai ɗauka.
Na ce, Kawu, a makaranta wannan yana da suna.
Ya ce, to, ki gai da sunan.

Iya Risikatu ta zo da Yarabanci,
ya tare ta da Yarabanci mai ƙanshin Sakkwato,
suka yi faɗa, suka yi dariya,
ta kwashi buhu bakwai ba takarda, ba shaida.
Shekara ashirin, in ji shi,
kuɗina bai taɓa yin Juma'a biyu a hannunta ba.
Wannan babin ba ya cikin littafina.

Amma da la'asar na ɗauki kwalin da yake rubutu a kai,
lambobi sun hau juna kamar fasinjan Oshodi.
Na jera su, na tara, na sake tarawa.
Buhu goma sha ɗaya sun yi ƙafa.
Saƙon banki biyu a wayarsa na bogi ne,
an biya shi da iska, ya yi godiya.
Ya daɗe shiru yana murza carbi.
Wannan ma yana da suna?
Na ce yana da shi.
Ya ce, shi kam ki kawo shi, a ba shi tabarma.

Litinin aka kira ni ganawa a Marina,
bene na gilashi, sanyi har ƙashi.
Mai kwat ya juya takarduna:
me kika iya wanda sauran ba su iya ba?
Na buɗe baki in zubo haddar da na kwana yi,
sai na ji ƙanshin albasa na tashi daga fayil ɗina.
Na ce, na san ranar da kaya ke fara mutuwa,
na san wanda za a bai wa bashi,
kuma na san inda buhu goma sha ɗaya ke ɓuya.
Ya cire tabarau. Ya ce za su neme ni.

Yanzu ga ni a kan doguwar gada,
motoci sun cushe, ruwa hagu, ruwa dama,
masunta a ƙasa na jefa koma ba tare da allo ba.
Waya ta yi ƙara.
Kawu ne: tirela ta iso, kina ina?