Tsingaro a Bayan Ɗakin Iya Tasalla

Shekara guda cur ina rubutu kullum,
in na rufe ɗakin shan magani na Harbo,
na wanke warin allura daga hannuna.
Littafi huɗu na cika, masu shuɗin bango,
daga shagon Sallau na bakin tasha.
Daren jiya na jera na farko da na huɗu kan tabarma.
Wallahi kamar uwa ɗaya ta haife su:
farin wata iri ɗaya, hawaye iri ɗaya,
kuskuren ma bai sake riga ba.

Da safe na bi ta bayan masallaci,
na iske Iya Tasalla tana tattaka yumɓu,
ja ya hau mata har idon sawu.
Na ce, “Iya, gaskiya ne yau da gobe na gyara hannu?”
Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Miƙo min ruwan can.”

Sai da ta jiƙa, ta murɗa, ta yi nuni da haɓa
zuwa tsallaken danga.
“Ga Barmani can. Shekara arba'in tana ginin tulu,
ko ranar suna ba ta fashi.
Bakin tulunta har yau a karkace yake
yadda ya karkace muna 'yan mata.
Tana yi, ba ta dubawa.”

Ta ja ni bayan ɗaki.
Tsingaro ne tuli, ya kusa ƙuguna,
kaji na tono a gindinsa.
Ta ɗauki ɗaya: “Wannan yashi na cika masa.
Wannan na yi gaggawar kai shi wuta.
Wannan shekarar da Mati ya rasu,
hannuna ya yi nauyi, gindin ya yi kauri.
Wannan kuwa,” ta juya shi, ta sake juyawa,
“har gobe ban san laifinsa ba.
Shi ya sa ban yar da shi nesa ba.”

Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa wata randa,
ta amsa, tas, kamar an kira sunanta.
Ta ƙwanƙwasa ta gefe, sai ta yi tari.
“Ke in kin gama naki, kina ƙwanƙwasawa?”
Na ce rufewa nake in kwanta.
Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

Na tambaye ta zanen wuyan tulunta,
wanda 'yan kasuwar Jahun ke gane ta da shi tun daga nesa,
wa ya koya mata?
Ta ce, “Zabuwa.
Ta taka min ɗanyen tulu wata hantsi.
Da a shekarar farko ne, da na shafe ina zagi.
Amma na daɗe ina kallon wuyan tulu,
na san abin da ya rasa.
Ba ni na ƙirƙira ba, 'yar nan.
Zama na yi har ya zo ya same ni a bakin aiki.”

Yau ban rubuta sabon komai ba.
Na kunna fitila, na karanta wa kaina da ƙarfi
har maƙwabciya ta tambaya ko baƙo na yi.
Shafi goma sha tara duk tari suke.
A na ashirin na ci karo da layi biyu
kan wani tsoho da ya zo allura,
ya riƙe hularsa a ƙirji kamar za ta ji zafin.
Su suka amsa.
Ban ma tuna ranar da na rubuta su ba.

Sauran ban yaga ba, na tara su a bayan katifa.

Tulun da na saya wurinta yana tsattsafo ta gindi.
Na so in mayar, ta aiko jikanta ya ce min
wanda ba ya gumi ba ya sanyaya ruwa.